Ɗan da Na Tura Vietnam

Ba ni da ɗa namiji. Bari in fara da wannan, domin an yi wata uku cur rabin iyayen yaran makarantar unguwarmu a birnin Tainan sun ɗauka ina da shi, har da masu aiko masa gaisuwa. Haihuwata ɗaya ce, mace, Pei-ru. Mijina ya rasu tana sakandare, da faten shinkafa da kifi na raine ta. Shekara talatin da ɗaya ina zare ƙaya daga kifi a bakin kasuwa, sai da gwiwata ta ce ta gaji sannan na sayar da tukwanen.

Pei-ru ta yi aure, matarta sunanta Man-ling, mai shagon tabarau a kusa da tashar jirgin ƙasa. Ranar da suka je ofishin rajista ban je ba, na ce kifina zai lalace. Ƙarya ce, Litinin ce, kasuwa ma a rufe take. Amma da Man-ling ta haihu, da taimakon likitocin da ban tambayi yadda suka yi ba, ni na yi mata jego. Wata guda ina hawa bene da kaza a man riɗi da citta, ina yi mata faɗa ta daina shan ruwan sanyi. Jaririyar kuwa da aka ɗora min ita a hannu, shi ke nan, ta gama da ni. Muna kiranta Dou-dou, wato 'yar wake, don haka ta zo, ƙarama, a dunƙule. Man-ling ce Mama, Pei-ru ce Mami, ni ce Ama, wato kaka. Ina ƙasa, suna sama, tukunyarmu ɗaya.

A cikin gida ban taɓa samun matsala da kowa ba. A bakin ƙofa ne bakina ke cin amanata.

Ranar farko ta Dou-dou a aji ɗaya, ni da Man-ling muka kai ta, don Pei-ru tana fita aiki tun shida da rabi. A ƙofar makaranta muka haɗu da Madam Kao, shugabar iyaye masu aikin sa kai, da 'yar rigarta ruwan lemo da usur a wuya. Mace ce mai kirki, amma idan ta dube ka sai ka ji kana cike fom. Ta ga Man-ling ta karɓi jakata tana cewa, "Ma, kawo in riƙe miki," sai ta washe baki.

"Kai, kin yi dacen suruka! To ina ɗan naki, bai zo ganin 'yarsa a ranar farko ba?"

Na rantse ban shirya ba. Mata huɗu suna tsaye suna jiran amsa, Man-ling ta riga ta shige da yarinya.

"Yana Vietnam," in ji bakina. "Masana'antar takalma."

Kowa ya gyaɗa kai, don babu layin da ba shi da wani miji ko ɗa a can. Bayan sati biyu Pei-ru ta sami hutu ta zo ɗaukar Dou-dou, Madam Kao ta ce wace ce wannan mai kama da ni haka. Yo me zan ce? Na ce 'yata ce, ƙanwar uban, gwaggon yarinyar. Da bakina na sauke 'yata daga uwa zuwa gwaggo, na koma gida na dafa musu miya, na ci abincina har da ƙari.

Madam Kao ɗin ce ta ja ni cikin iyaye masu ba da labari. Duk Talata da safe malamai suna shiga taro daga takwas saura minti goma zuwa takwas da rabi, sai iyaye mu shiga azuzuwa mu karanta wa yara littafi. Na ce mata ni a aji shida na tsaya, karatuna tafiyar kunkuru ne. Ta ce littattafan yara ai kowane harafi da 'yan alamomin sauti a gefensa masu nuna yadda ake furta shi, ko makaho ya laluba. Na karɓi ajin Dou-dou, yara talatin.

Ashe aikin nan da ni ya dace. Ina ɗaga littafi ɗaya a gabansu, su ga hoto, ni kuma in faɗi abin da na ga dama. Inda na gamu da harafin da ya fi ƙarfina, sai in yi masa kwana. Kare ya zama karen maƙwabcina mai satar silifa, sarki ya yi magana da muryar mai sayar da naman alade na kasuwarmu. Yara suna birgima don dariya, babu mai kama ni, don a lokacin ba su iya karanta komai ba. Alamomin sautin nan talatin da bakwai ake ta koya musu, sati goma ana abu ɗaya, ni ma nakan tsaya bayan labari in taya masu wahalar riƙe fensir.

Malamar ajin, Malama Shih, yarinya ce da ba ta fi talatin da biyar ba, siririya, ba ta ɗaga murya. Da farko na raina ta. Na ce wannan yara za su cinye ta ɗanya. Ina! Ita ce ta kafa musu wata doka da ban taɓa gani ba: idan wani ya yi kuskure a karatu, ba dariya, ba nuna yatsa, duk aji ne zai koma farkon layin a karanta tare, sannan mai kuskuren ya ci gaba. Kuma takardun da take rabawa ba su da gurbin sunan uba da gurbin sunan uwa irin na zamaninmu. Layuka ne kawai, a sama an rubuta "mutanen gidanmu". Na lura da wannan tun sati na biyu, na yi kamar ban gani ba.

A ƙarshen Nuwamba akwatin littattafai ya iso. Akwatuna ne da ke yawo daga makaranta zuwa makaranta, kowanne da littafi iri ɗaya guda talatin da 'yan kai, don kowane yaro ya riƙe nasa ya bi da yatsa. Sati biyu yake yi ya wuce gaba. Malama Shih ce ta zaɓi wannan, aka ba mu ɗai-ɗai mu duba a ɗakin karatu, inda muke zama mu sha shayi muna liƙa wa littattafai leda.

Labarin motar shara ne. Kullum da yamma tana shigowa wani layi da kiɗanta, kowane shafi gida ɗaya ne da wanda ke fito da shara. Gidan farko tsoho ne da sandarsa. Wani gidan uba ne shi kaɗai da jariri a ƙirji. Wani kuma 'yar Indonesiya ce mai kula da tsohuwa, tana tura keken tsohuwar da hannu ɗaya, leda a ɗayan. Ina ta murmushi, don layinmu ne sak. Sai na buɗe shafi na tara. Yarinya tana tsakiya, mace a dama da ƙullin kwalaye, mace a hagu da bokitin ragowar abinci. A gefe an rubuta: "A gida mai lamba tara, Mama ce ke ɗaukar kwalaye, Mami ce ke ɗaukar bokiti."

Shayin ya sarƙe ni.

"Kin gani ko?" in ji Madam Kao. "An yi ta ka-ce-na-ce a kansa a zauren iyaye na waya. Wai Malama Shih ta ajiye shi a tebur ta ce duk mai magana ya zo ya karanta tukuna. Ni ba na ƙin kowa, Yaya Luan, kowa da rayuwarsa. Amma yara 'yan shekara bakwai, me ya kai su nan? Ni a ajina haɗa shafi biyu zan yi in juya."

"Ni ma," na ce, ina goge haɓata.

Da zan fita na haɗu da Malama Shih a baranda tana ɗauke da akwatin. Na ce mata, cikin wasa-wasa, duk littattafan duniya sai na shara? Ta yi dariya.

"Yaro ya fi saurin karanta abin da ya sani, Kakar Dou-dou. Duk sun san motar nan. Kuma akwai gida goma sha biyu a ciki, ina so kowa ya sami wanda ya yi kama da nasu. Wanda bai taɓa ganin gidansu a littafi ba sai ya ɗauka karatu na 'ya'yan wasu ne."

Ba ta yi min wani kallo ba. Ta san komai, takardun shiga makaranta suna hannunta. Na ji haushinta har na isa gida, ban san dalili ba.

Talata ta zo. Na yi tunani haɗa shafi ba zai yiwu ba, tunda kowa da littafinsa a hannu. Sai na ce to, abin da na saba yi zan yi, in yi wa kalmar kwana in wuce. Wa zai sani?

Aka raba littattafai. Na zauna a kujerar Malama, na gyara tabarau. Rubutun daga sama yake saukowa ƙasa, ina karantawa ina ganin yatsu talatin suna gangarowa tare da muryata. Tsoho ya wuce, uba mai jariri ya wuce, na yi musu kiɗan motar da baki suka yi dariya. Muka juya zuwa shafi na tara. Na ƙara sauri.

"A gida mai lamba tara, Mama ce ke ɗaukar kwalaye, Gwaggo ce ke ɗaukar bokiti."

Yatsun suka tsaya. Duka.

Ni fa na manta. Sati goman nan sun ƙare tun tuni. Yaran da nake yi wa wayo a Satumba ba su ne waɗannan ba, waɗannan sun iya karatu, kuma da hannuna na taya su iyawa. Wata mai kitso biyu a layin gaba ta ɗago kai ta ce, cikin ladabi, "Ama, ba haka aka rubuta ba."

"Kai, tabarau ɗin nan nawa," na ce. "Sun tsufa kamar mai su."

Babu wanda ya yi dariya, don doka ta hana. Sai kawai na ga yatsu sun hau sama, sun koma farkon layi. Shugabar aji ta ce ɗaya, biyu, uku, suka karanta min tare, a hankali, irin yadda ake yi wa wanda ake tausayi.

"A gi-da mai lam-ba ta-ra, Ma-ma ce ke ɗau-kar kwa-la-ye, Ma-mi ce ke ɗau-kar bo-ki-ti."

Murya ashirin da tara. Na san ta talatin ɗin ko a cikin kasuwa, kuma ba ta ciki. Dou-dou tana layi na uku kusa da taga, bakinta a rufe, yatsarta a kan hoton matar mai bokiti, ba a kan rubutu ba.

Ya kamata in maimaita layin kafin in ci gaba, haka dokar take. Ban maimaita ba. Na ce madalla da ku, na juya shafi na goma, na gama littafin da muryar da ni kaina ban gane ta ba. Yaran kuwa ko a jikinsu. Babu wanda ya tambayi komai game da gida mai lamba tara, damuwarsu ita ce ko kyanwar shafi na sha ɗaya za ta faɗa cikin motar.

Da rana na je ɗaukar Dou-dou a babur. Ina ɗaure mata hular kwano ta ce, "Mama ce ta yi miki tabarau ɗin nan watan jiya."

"To sai me?"

"Babu komai."

Ta hau, ta riƙe rigata, muka kama hanyar gida.

Washegari Laraba, Malama Shih ta tare ni a ƙofa ta ce in ba ta minti biyar. Yara sun watse, ta ja min 'yar kujera irin tasu, gwiwata tana ƙara na zauna. Ta ce bayan labarin ta ba su takarda kowa ya rubuta wa ke fitar da shara a gidansu, za a liƙa a bango. Ta zaro ɗaya ta ajiye a gabana.

Rubutun Dou-dou ne, da alamomin sauti, an danna fensir har ya kusa huda takardar. "A gidanmu Mama da Gwaggo suna fitar da shara. Babana yana Vietnam. Zai dawo da sabuwar shekara."

Na karanta sau biyu, don karatuna ba ya sauri.

"Wannan ne karo na farko da ta rubuta layi uku ita kaɗai," in ji Malama. "Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Sunan ƙasar ma ba mu koya ba, ita ta je taswirar bango ta kwafo. Jiya na ɗauki jan biro na rasa abin da zan yi da shi."

Na ce, "Malama, ni ban taɓa ce mata ta faɗi haka ba."

"Na sani. A farkon zango da aka tambaye su mutanen gidansu, ta ce Mama da Mami da Ama, da ƙarfinta, har ta ce ke kin fi kowa surutu. Daga baya ta daina. Na yi ta neman abin da ya faru a cikin aji, ban samu ba."

Ba a cikin aji ya faru ba. A ƙofa ya faru, a gefen ƙafata, inda nake tsayawa ina zuba da Madam Kao Dou-dou kuma tana riƙe da jakarta, ni ina ganin yarinya ce, me ta sani. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har da ranar da na zubar wa wani ɗan sanda fate a wando. Na tambayi Malama ko za ta liƙa takardar a bango.

"Tata ce, ita za ta ce. Ni ba zan ce mata ta yi ƙarya ba, don ba don kanta ta yi ba. Ba kuma zan tsaya gaban aji in faɗi yadda gidanku yake ba, wannan ba nawa ba ne." Ta tattara takardun. "Akwatin zai wuce wata makaranta ranar Juma'a."

A kan babur na tsaya a gaban mai ruwan rake, na saya wa Dou-dou kofi, muka zauna a dakali. Na ce wa ya gaya mata babanta zai dawo da sabuwar shekara.

"Ama Kao ce take tambayata kullum. Na ce sabuwar shekara don tana da nisa." Ta ja ruwan da tsinke. "Idan ta zo sai in ce jirgi ya lalace."

"Me ya sa ba ki ce mata ba ki da baba ba?"

Ta dube ni kamar ni ce 'yar aji ɗaya. "Ai sai su gane kin yi ƙarya, su hana ki ba da labari."

Wayyo ni. Yarinya 'yar shekara bakwai tana ta dakon ɗan da na haifa da bakina, tana nema masa ranar dawowa, har ta tanadar masa jirgin da zai lalace. Na juya ina kallon titi don kada ta ga fuskata.

Ƙarfe shida da kwata motar shara ke shigowa layinmu. Ranar nan na ce Man-ling ta zauna da yarinya, ni da Pei-ru za mu fita. Muka tsaya a bakin layi, ita da bokiti, ni da ledoji, kiɗan yana can nesa a layin haikali. Na ce idan ban faɗa kafin motar ta iso ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na faɗa mata duka, ina kallon silifana.

Ta ce, "Vietnam? Haba Ma, ko Japan ba ki kai shi ba?"

Na ce ba wasa nake ba.

"Ni ma." Ta sauya wa bokitin hannu. "Yayan nawa yana aiko miki da wani abu kuwa? Don ni ce ke kai ki asibitin gwiwa."

"Pei-ru."

"Gwaggo," in ji ta, tana ɗanɗana kalmar. Muryarta ta sauka. "Shi ya sa. Duk ranar da na je ɗaukarta, sai mun sha kwana take yarda ta riƙe hannuna. Na ɗauka girma ne ya zo mata. Har na gaya wa Man-ling, na ce 'yarmu ta fara jin kunyar iyaye."

Motar ta iso. Muka jefa ledoji, ta juye bokitin a ganga, ta gaishe da ma'aikatan kamar kullum. A hanyar komawa ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. A bakin bene na ce mata gobe zan roƙi Malama in sake karanta littafin, kuma ina so ta zo. Ta ce tana da aiki. Na ce ni ma ranar rajistarku na ce ina da kifi. Ta dube ni tsawon lokaci, ta haye sama.

Bayan cin abinci na tambayi mai gayya. Na ce, Dou-dou, idan na gaya wa Ama Kao gaskiya, kina so ko ba kya so? Ta ce za su hana ni ba da labari? Na ce idan sun hana, in ba ta ita kaɗai a gida, har da muryar mai naman alade. Ta yi tunani ta ce, "To ki faɗa. Na gaji da Vietnam ɗin nan, sunan ma wuyar rubutu gare shi."

Alhamis da safe ina fito da babur na tarar da Pei-ru tsaye da hular kwano a hannu, cikin kayan aiki. Ta ce awa uku kawai ta roƙa a wurin aiki. Madam Kao tana ƙofa da usur ɗinta, tana tsallakar da yara.

"A'a, yau da gwaggo aka zo?"

Akwai iyaye wajen shida a kusa, har da masu aiko wa ɗana gaisuwa. Na ce, da murya irin ta kiran masu sayen kifi, don ita kaɗai na iya idan na tsorata:

"Ba gwaggo ba ce. Ba ni da ɗa namiji, Madam Kao, ban taɓa yi ba. Wannan 'yata ce, Man-ling matarta ce, su biyun ne iyayen Dou-dou. Ni na yi miki ƙarya."

Usur ɗin ya faɗo daga bakinta ya tsaya a igiyarsa. Ta dube ni, ta dubi Pei-ru.

"Yaya Luan, ni fa har sunansa na so in tambaye ki, in kunna masa fitila a haikali don ya dawo lafiya."

"Ki yafe ni. Ki kunna wa gwiwata."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce da kin faɗa tun farko, ta juya ta ci gaba da tsallakar da yara. Sati biyu ta yi tana gaishe ni da ka kawai. Yanzu mun koma shan shayi tare, amma ba ta taɓa ɗauko maganar ba, kuma na ji a ajinta ta haɗa shafin nan biyu ta juya, sai da yara suka mayar da ita. Wata uwa ɗaya ta daina tsayawa kusa da ni a ƙofa. Ban mutu ba.

Malama Shih ta ba ni minti ashirin na farkon darasinta, ta ce wa yara Ama tana so ta gyara wani layi da ta bari. Pei-ru ta zauna a baya a kan 'yar kujera, gwiwoyinta a ƙirji. Aka raba littattafai. Ban yi muryar kowa ba ranar nan, na bi rubutu yadda yake, harafi bayan harafi, har da waɗanda na saba yi wa kwana. A shafi na tara na ɗora yatsata a saman layin kamar kowa, na gangaro da ita har ƙasa. Mama ce ke ɗaukar kwalaye, Mami ce ke ɗaukar bokiti.

"Yau daidai ne," in ji mai kitso biyu.

Sai Dou-dou ta ɗaga hannu, ba tare da ta dube ni ba. Malama ta ce mene ne.

"Mu ma a gidanmu Mami ce mai bokiti. Ga ta can." Ta nuna baya da haɓa. "Amma namu shuɗi ne."

Kawuna talatin suka juya, Pei-ru ta ɗaga musu hannu, fuskarta ta yi ja. Wata ta ce nasu bokitin ma shuɗi ne, wani ya ce nasu ba shi da murfi, yana wari. Sai da Malama ta tafa hannu kafin a bar maganar bokiti a koma shafi na goma.

Takardun suna bangon aji har ƙarshen zango, sannan aka ba kowa tasa, ta Dou-dou tana jikin firij ɗina yanzu. Ba ta karɓi sabuwar takarda ba, a kan tsohuwar ta goge ta sake. "A gidanmu Mama da Mami suna fitar da shara. Ama tana tsayawa surutu har mota ta tafi." Kuskure uku ne a ciki, Malama ta kewaye su da jan biro, ta sa mata tauraro a ƙasa.

Sai dai rubutun farkon ta danna fensir da yawa. Idan aka karkata takardar wajen hasken taga, Vietnam tana nan a ƙarƙashi, kowace alama daidai, babu kuskure. Duk gidan babu mai karkata ta sai ni.